Takardar Shaida

Sun rataya mini kati a wuya,
Zuwaira ta koma Zubairu.
Na ce a bari, ba suna ya kawo ni Jos ba.
Sauro ɗari uku na kawo a cikin kula,
matattu, kowanne da lambarsa,
na rungume su a cinya tun daga tashar Azare
kamar mai dakon ƙwai.

Litinin, ruwan Agusta na dukan kwanon ɗakin taro,
Farfesa Kachollom ta ɗaga murya ta fi shi.
Ta ce kowane ƙwaro wasiƙa ce a naɗe,
haruffa huɗu kacal,
amma mai karatu zai yi furfura bai kai sa hannu ba.
Muka duƙufa rubutu.
Wani a bayana na raɗa wa maƙwabcinsa:
yaushe za a raba kuɗin mota?

Talata aka ba mu safar hannu da bututun awo.
Ɗigon da zan ɗiba bai kai hawayen kiyashi ba.
Hannun nan da ya shekara tara
yana feɗe sauro a ƙarƙashin madubi,
sai ga shi yana rawa.
Nanpon, yaron da ke kula da injin, ya ce:
Anti, kafa gwiwar hannu a tebur,
riƙe numfashi.
Na riƙe.
Na haife shi, amma ranar shi ne malam.

Laraba wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.
Janareta ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Mu ashirin, da digiri ya fi hamsin a tsakaninmu,
muka yi cirko-cirko muna kallon firiza tana gumi.
Baba Gyang mai wankin kwalabe,
wanda babu sunansa a jadawali,
babu shi a layin shayi,
ya hau babur cikin ruwa ya nufi Taminus,
ya dawo da ƙanƙara buhu biyu, wandonsa sharkaf.
Ya jera mana samfuranmu ɗaya bayan ɗaya.
Bai ce uffan ba.
Mu ma kunya ta hana mu cewa.

Alhamis, a ɗaki mai duhu,
layuka suka haska kamar tsagar fuska.
Sauro mai lamba ɗari da sha huɗu ya tona asirin danginsu:
maganin ya daina cinsu.
Sai na tuna wata tsohuwa a bakin fadama
da ta ce mini bara:
Malama, gidan sauron nan naku,
a kansa suke shimfiɗa tabarma.
Na yi dariya a lokacin.
Ashe ta riga mu wallafawa,
mujalla ce kawai ba ta da ita.

Juma'a, jawabin godiya ya cinye awa biyu.
Hoto, jaka mai tambari, tafi.
Aka miƙo takardar shaida:
Zubairu ya kammala cikin nasara.

Injin da na koya a kansa
ya fi kasafin sashenmu na shekara uku.
Can gida firij ɗaya gare mu,
rabi samfuri, rabi zoɓon sakatariya.
Na san wannan tun ina tafi.

A Farin Gada na cika kular da dankali da koren wake,
wurin da sauro suka kwana.
A bayan takardar akwai lambar wayar Nanpon
da sunan direban da zai riƙa kawo masa saƙona
duk ƙarshen wata, a ƙarƙashin kujerar gaba.
Ƙasa da su na rubuta Gyang Dalyop,
na tambaye shi harafi-harafi
don kada in yi masa abin da aka yi mini.

Mota ta gangara, duwatsu suka koma baya,
sanyi ya fara sakin yatsuna.
Wajen Toro wani sauro ya shigo ta taga,
ya sauka a bayan hannuna.
Ban kashe shi nan take ba.
Na tsaya na dubi ƙafafunsa tukuna.