Ƙofa Biyu

Kuɗin albasar bana ne a aljihuna,
buhu huɗu daga fadamar Kwalkwalawa.
Na naɗe su a leda saboda gumi,
na hau kabukabu daga Mabera,
rana na dukan kwalta awa maƙeri.

Modi ya ce, sayi jan nan, shi kowa ka saye.
Luba ta ce, wayarka ba ta ɗaukar murya ne?
Kawu Arzika, shi da za a ɗauka,
bai ce uffan ba.
Ya dai dubi yatsunsa
da suka fara ƙin lanƙwasa da safe,
ya mai da gurmi cikin buhunsa.

Shagon Sahabi ƙunci gare shi,
kebul na reto awa hanji a rumfar mahauci.
Ya jera mani katin sauti ukku bisa gilashi.

Na farko ɗan mitsitsi, ƙofa ɗaya.
Arha, in ji Sahabi, kuma sabo fil.
Na ce, Kawu ba ya raba baki da hannu.
Ka ce ya kaɗa yanzu, waƙa sai an jima,
zai aje gurmin ya tambaye ka
ko kai kana tauna yau ka haɗiye gobe.

Na biyu ƙofa takwas, fitilu reras
awa tirela da dare a hanyar Illela.
Kuɗinsa ya cinye albasa, yana neman tafarnuwa.
Ɗakina taku shida ne.
Me zan yi da ƙofa takwas,
ni da baƙo ɗaya nike jira?

Na ukku na hannu ne, ƙofa biyu,
fentin kusurwa ya goge,
wani ya taɓa liƙa sunansa, ya ɓamɓare.
Sahabi ya shiga yi mai kirari:
wutar arba'in da takwas,
makirufonka zai sha ya ƙoshi,
ba jinkiri, kana faɗi kana ji.
Na ce, jona shi, cire makirufo,
miƙo abin kunne,
sannan don Allah ka ɗan yi shiru.

Na murɗa har ƙarshe.
Ba murya na zo saurare ba.
Ɗan mitsitsin, da na gwada,
huci yake awa tayar da ƙusa ta huda.
Wanga ko ya kama bakinsa.
Shirunsa mai zurfi ne,
rijiyar da ba a jefa wa guga ba tukuna.

Albarka.
Albarka dai.
Na juya zan fita, ya ce kawo.
Abin da ya rage ya isa kabukabu da ƙullin sobo.

Mun jira ƙarfe biyun dare,
sai da janareton maƙwabci ya shaƙe ya mutu.
Na jingina katifa a taga,
na kashe fanka,
a tsakiyar bazara, a Sakkwato.
Kawu ya tuɓe, daga shi sai singileti.
Ƙofa ɗaya ta gurmi, ɗaya ta murya.
Jar fitila ta kama.

Ya kaɗa.
Zufa na ɗiga daga haɓarsa bisa ƙwaryar.

Da na mayar masa, komi na ciki:
farce na karce tsirkiya,
wurin da yatsa ya makara,
wani ɗan fito a ƙirji kafin kowane baiti,
har zakaran gidan su Luba
da ya ɓata lissafin asuba.

Na ce, Kawu, duk wannan ina iya gogewa.

Ya riƙe abin kunnen da hannu biyu
awa mai tsoron a ƙwace.
Ya ce, shekara hamsin mutane na ba ni labarin muryata,
sai yau muka gamu.
Ashe ta tsufa.

Kar ka taɓa komi.
Sake kunnawa.
Kuma tayar da fankar nan kafin mu dahu.