Silinda Takwas

A gangaren Alkaleri ta yi tari, ta yi shiru.
Baƙin mai ya bi kwalta
kamar an yanka bijimi.

Wata uku tana garejin Bappayo, bayan Tashar Dukku,
kaji na ƙwai a kujerar baya.
"Sayi ɗan Kwatano ka huta," in ji shi.
Ina! Muryar Baffa na cikin wannan ƙarfen.

Fistin takwas muka wanke a daron fetur.
Kiranshaf ya je Jos, ya dawo da bashi.
Noti ɗaya ya yi saura,
yana aljihuna.

Bayan la'asar na murɗa makulli.
Ta yi gyaran murya,
irin nasa kafin faɗa.

Bappayo ya juya baya,
wai hayaƙin salansa ne.