Igiyar Rijiya

Rumfata tana Katako, bayan masu kwanon rufi.
Tebur guda, turnabis uku,
da buroshin haƙori da ya yi ritaya
ya koma share wa na'ura haƙarƙari.

Da hantsi Zabeiru ya zo daga Bukoki,
ya rungumo ordinatè kamar mai kai ɗa likita.
Ya ce, "Kawu, sabon wasa ya fito, ta ƙi ɗauka.
Mutumin ciki in ya ɗaga ƙafa
sai na shanye shayina kafin ya sauke ta."

Na kwance. Na busa. Na kasa kunne.
Ba ta da ciwon komai.
Katin hoto ne ya tsufa yana shekara biyar,
shekarun da yaro bai ko fara famfara ba.

Can wata ƙasa da ban san sunan kasuwarta ba
wani ya ce yana son ruwan cikin wasa
ya nuna fuskar mai leƙe,
inuwa ta bi rana sawu da sawu,
kowane gashin gemu ya kaɗa da iskarsa daban.
Maƙeran kati suka ji, suka hura wuta.
Panka ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama uku,
kati ya yi teɓa har akwati ya ƙi rufuwa.
Masu tsara wasa suka ga an faɗaɗa gona,
suka ƙara iri.

Rijiya tana ƙara zurfi,
igiya tana ƙara tsawo,
ban san wadda ta fara tsokanar wata ba.
Abin da na sani,
mai ƙishirwa ke biyan kuɗin igiya.

Muka taka shagon Alhaji Barmu.
Ya sauko da kwali da hannu biyu,
bai bari mun taɓa ba.
"Jika ɗari bakwai. Babu tayi."
Zabeiru ya ce, "Alhaji, kati na tambaya, ba babur ba."
Alhaji ya lissafa da yatsu:
jirgi ya ci, duwan ta ci, hanya ta ci,
kuma can ɗin ma layi ake yi,
wasu manya na kwashewa buhu-buhu
don su koya wa na'ura magana.
"Ni ɗan abin miya kawai nake gani."

A bakin ƙofa na ga Sa'adiya ta Harobanda,
mai karatun zanen gine-gine.
Ba ta taɓa harbin kowa a allo ba,
ɗakin haihuwa take zana wa ƙauyensu,
tana son ta ga inda rana za ta faɗo ta taga.
Ita ma da wannan mudu aka auna mata.
Ta ninke takardar farashi sau huɗu
ta sa a jaka.

Muka koma rumfa.
Na wanke panka, na shafa sabon mai,
na shiga cikin wasan ina rage masa kwalliya.
Na kashe inuwa.
Na aske ciyawa.
Kogi ya zama shuɗin zane da aka shanya.
Sai ga mutumin ya zura da gudu!
Zabeiru ya tuntsire:
"Kawu, mai tafiya babu inuwa ai aljani ne."
Na ce, "Aljanin talaka ke nan. Jika biyu."

Bai kai ga bakin gada ba kuran ya ɗauke.
Panka ta yi juyi uku ta tsaya.
A baƙin allo ga fuskata, ga tasa,
ga gumi, ga furfurata ɗaya bayan ɗaya,
har da mai kankana da ke wucewa bayanmu,
tar, babu sanɗa, babu tsayawa.

Ya ce zai dawo da la'asar.
Har yanzu jika ɗaya ya ba ni.