Zubi a Panteka

Da safe Sallau ya zazzage buhu a gabana:
fistin ɗin tsohuwar Fijo, gwangwanayen lemo da aka tattake,
murfin tukunyar wata mata da ban sani ba,
da mariƙin ƙofar wani gida a Unguwar Rimi.
Kowanne da sunansa ya zo,
kowanne yana ji da kansa, har da lanƙwasarsa.

Na ƙara gawayi, yaro ya murza zugazugi.
Kafin a kira azahar a masallacin layinmu
na leƙa kasko, na nemi fistin, babu,
na nemi gwangwani, babu.
Farin ruwa ne yana rawa,
fuskata a cikinsa, ita ma tana narkewa.

Ba abin da ya mutu a nan.
Suna ne kawai ya taso sama kamar kashin maƙera,
na sa ludayi na yaɗe.

Shekara goma sha tara ina wannan sana'a,
ban taɓa kama kaina ina zubi ba.
Da kasko ya bar wuta
babu Haladu,
babu kafin alƙalamin Laraba ta Sabon Tasha da na riga na cinye,
babu ciwon gwiwa, babu kuɗin haya.
Akwai zafi. Akwai nauyi.
Akwai ruwa yana bin rami cikin yashi.
Akwai wani sani mai shiru, a buɗe,
kamar filin Murtala kafin gari ya waye,
ba wanda ya ce nasa ne.
Sai an fasa yashi, tukunya ta fito tana huci,
sannan wani ya iso a guje yana haki,
ya bugi ƙirji ya ce, ni na yi.
Kullum a makare yake zuwa,
kuma shi ke karɓar kuɗin.

Nakan gaya wa yara ni na zaɓi Kaduna.
Gaskiyar magana, Minna na nufa daga Ikara,
fanbel ya tsinke mana a Kawo,
guzuri ya ƙare, wani mai amalanke ya ce in kama masa turi,
muka yi ta tafiya har na ji ƙarar guduma.
To wa ya zaɓa?
Fanbel? Yunwa? Ƙafar da ta bi taya?
Na bi zaren baya ina neman inda ni na fara,
zaren ya wuce ni, ya wuce ubana,
ya wuce damunar da ta hana mu gero a waccan shekara.

Na kai wa Sallau wannan magana yana cin rogo.
Ya ce, tambayi tukunya ko ita ta nemi ƙafa uku.
Na ce, ashe ba ruwana ke nan.
Ya share ƙuli a baki, ya nuna tabon da ke hannuna:
yi ganganci gobe, ka ga fatar wa za ta saluɓe.

Na rasa inda zan ajiye maganganun biyu,
sai na bar su a kasko ɗaya.

Da la'asar Laraba ta zo.
Ta ɗaga tukunyar sama tana neman huji,
ta ƙwanƙwasa gindinta da zobe.
Ƙarar ta fita, doguwa, siririya.
Ban san ko a ƙarfen take ba,
ko a yatsanta, ko a kunnena,
ko a wannan da ke ji tun ina yaro bai tsufa ba,
wanda na juya sau dubu in gan shi
na tarar da shi nake dubawa.

Ta ce, wannan ka yi aiki.
Na buɗe baki in ce ba ni ba ne,
na ga rana ta yi nisa, ga yaro bai ci komai ba.
Na ce, na gode,
na ƙirga mata canji.