Kanta Ta Goma Sha Ɗaya

Ruwan Agusta ne ya koro ni ciki,
ba son karatu ba, in faɗi gaskiya.
Takalmina ɗauke da jar lakar Rigasa,
takardar malami ta jiƙe a aljihu:
shafi ashirin kan tarihin Yahudawa,
kafin Litinin.

Malama Bilhatu ta sauke tabarau,
ta dubi lakar, ta dube ni, ta yi shiru.
Ta jawo aljihun katako mai warin tsufa,
katuna a jere kamar haƙoran mataji.
"Kanta ta goma sha ɗaya, can ƙurya,
kusa da bokitin da ke tarar yoyo.
Rabon da a taɓa ta, ina jin kana goye."

Guzurin da na zo da shi kaɗan ne:
abin da ake faɗa a dandali bayan isha'i,
da abin da rediyo ke kawowa yana hayaƙi.
Ashe sunan da muke gamawa da kalma guda
ya cinye katako huɗu,
har da ragowa jibge a ƙasa.

Na buɗe ƙamus, na kama shi a baibai.
Baƙaƙensu tsattsaye ne, masu kusurwa,
amma daga dama suke tasowa, kamar allona.
Na bi sunan ranar hutunsu da yatsa,
sai ga ta 'yar ɗakin Asabar ɗinmu.
Na yi dariya ni kaɗai, wani ya ce mini shit.

Wani littafi ya ce a tsohuwar Alƙahira
akwai ɗakin da suke zuba takardun da suka tsufa,
don ba a yar da abin da ke ɗauke da sunan Allah.
Har rasit, har wasiƙar mata ga miji a teku.
Na tuna kakata Kande,
da ke tsintar guntun rubutu a hanya
ta cusa a tsagar bango, tana salati.

Na siyasa kuwa ba sa ga maciji.
Wannan ya ce gida aka koma,
na jikinsa ya ce gida aka ƙwace.
Na ɗauki wanda ya yi mini daɗi.
Ta bayana na ji muryarta:
"Haɗa da maƙwabcinsa.
Alƙali ba ya tashi da jin baki ɗaya."

Akwai shafin da ban iya wucewa ba:
unguwar da ake kulle ƙofarta da magariba,
sai jerin sunaye, sai jiragen ƙasa.
Na ɗaga kai. Ta taga ruwa na zuba,
can bayan rufin kwano kogin nan yana nan,
da gadar da ta san wa ke kwana a wane ɓari.

Aka ɗauke wuta, fanka ta mutu a hankali.
Malama ta haska mini fitilar wayarta,
tana duban agogo; Sabon Tasha da nisa,
ga motoci na wuya in an yi ruwa.

Katin aro ya yi ja don tsufa.
Suna ɗaya ne a kai, tawada ta kusa gudu,
ban iya karanta shi ba.
Na rubuta Tukur a ƙarƙashinsa,
na cusa littattafan biyu cikin riga
kada su jiƙe.