Shekara Bakwai a Bakin Kada

Mu huɗu ne a rukunin:
mu 'yan Agege, da 'yan Idi-Araba,
da yaran kasuwar Mil Sha Biyu masu ƙanshin albasa a riga,
sai Kadojin Apapa.
In za a ƙirga tsakani da Allah,
mu uku ne, sai su.

Ƙwallon ba irin na iyayenmu ba ne.
Ƙwai ne na fata mai tsini biyu,
da hannu ake jifa, a rungume a ruga,
in ya faɗi ƙasa ya yi tsallen da ya ga dama.
Daga Amurka ya zo, Legas ta karɓe shi
yadda take karɓar kowa: ba sannu da zuwa, ba tabarma.

Shekara bakwai littafin maki yana hannuna.
Suna ɗaya nake rubutawa a layin sama
har biro ya haddace hanya.

Saboda su Idi-Araba ta kori koci uku.
Na ƙarshen, Oga Rasaki, motarsa ya sayar
ya sayo takalma da sabon tsari daga intanet.
Yanzu yana kiran fasinja a Oshodi,
muryar dai tana nan.

Saboda su Mil Sha Biyu ta bar neman masu gudu,
ta kwaso 'yan dako, ƙattai masu wuyan buhun doya,
ta jera su kamar katanga.
Kadojin suka bi ta gefe
yadda ɗan acaɓa ke ratsa gosulo.

Mu kuwa yaro muka raina,
Sallau ɗan mai shayi, hannu kamar majajjawa.
Karo-karo muka yi ta yi: ƙwai biyu da safe, kuɗin mota, man zafi.
Yana cika ashirin suka zo da koriyar riga.
Ban zage shi ba, mahaifiyarsa na kwance a asibiti.
Sai dai jifan da ya kashe mu da shi bara,
ni na koya masa,
a bayan kwata, da almuru, ƙudaje na kallo.

Dā in mun haɗu da Idi-Araba sai an raba mu da sanda.
Yanzu tsire ɗaya muke ci a takarda ɗaya,
muna gulmar kada.
Na biyu ya zama kofinmu.
Shekarar da muka zo na biyu akuya muka yanka,
Maiwada har da kuka.

To, Lahadin nan tankokin mai suka toshe Apapa.
Ƙarfe biyu, shiru. Biyu da rabi, shiru.
Alƙalin wasa ya dubi agogo, ya hura usur,
ya ce maki namu ne.
Ba wanda ya yi tsalle.
Jatau ya zauna kan jarkar ruwa yana tsinkar ciyawa.
Abin da muka yi shekara bakwai muna roƙo
ga shi a tafin hannu, lami kamar tuwon da ba miya.

Ba mu tafi ba. Aka yi yayyafi, aka ɗauke.
Bayan la'asar sai ga su a ƙafa,
taɓo har gwiwa, takalma a rataye a wuya.
Na dubi yarana, suka dube ni.
Na yage shafin.

Sun ci mu. Ashirin da ɗaya da ashirin.
Maki ɗaya, kaurin silin gashi.

Sallau ya zo yana haki, ya durƙusa kamar dā,
ya ce, Malam, yau kun ba mu wuya.
Na ce, tashi, ƙarfe ɗaya ba ya amo.

A cikin danfo, kan hanyar gida,
na buɗe littafin a gwiwa.
Biro ya kama tsohuwar hanyarsa,
amma a tsakiyar sunan ya ɗan tsaya,
kamar mai sauraron taku a bayansa.