Inuwar Fenti

Ni ne ma'aji, littafin na hannuna.
Tela ne ni, layi na uku, Kasuwar Barci,
shekara talatin ina taka keke
ina kallon fili guda a bayan kasuwa.

Da can akwai ceɗiya a wurin.
A gindinta na yi cinikin keken nan,
a gindinta Sidi mai shayi
ya rufa gidansa da ribar ruwan zafi.
Ran da aka sare ta don a ja waya
ba wanda ya yi kuka.
Mun dai koma shago da gumi, babu inuwa.

Filin ya zama na ƙyallaye da leda,
bango ya zama abin da bangon lungu kan zama.
Muka rubuta "An hana fitsari" da gawayi,
muka ƙara "Tara dubu biyar",
muka ƙara tsinuwa.

Talatu mai gwanjo ta ce a yi zane.
Aka kwashe da dariya. Ta ce, "Ku dara,
amma ɗari biyar-biyar ran Laraba."
Wata huɗu ina bi shago-shago,
wani ya ba ni, wani ya ce sai jibi,
wani ya hango ni ya ta da nafila,
na gaji da tsayuwa, bai kai ga sallamewa.

Muka ɗauko Barau daga Panteka,
mai zana zaki da mikiya a bayan tirela,
farcensa ya manta launinsa na gado.
Ya dubi bango, ya toshe hanci.
Na taya, ya ce albarka,
muka daidaita: rabi yanzu, rabi bayan gamawa.

Sai gardama.
Baba Rasaki, tsohon ɗan reluwe, jirgi yake so da hayaƙi.
Ladi 'yar Gbagyi, mace da doya a kafaɗa.
Obinna mai maɓallai ya ce kada, ai Kaduna ce.
Liman Tanimu ya ce ban da mai numfashi,
nan muke shimfiɗa tabarma in sahu ya yi yawa.
Aka tashi baram-baram, kowa na harar kowa.

Barau bai ce uffan ba.
Ya zauna kan kututture yana ɓare gyaɗa,
can ya buga shi da dunduniya:
"Wannan fa, na mene ne?"
Shiru.
Sai bakuna suka ɓalle gaba ɗaya,
ashe ba wanda ya yi mantuwa.

Kwana tara yana kan tsani.
Saiwa ta fito daga inda zarni yake,
reshe ya miƙe har bakin kwano.
Ya rataya butar Sidi a wani reshe,
ya jingina doya uku a gindi,
ya ja layin dogo can nesa, siriri kamar zare,
ya shimfiɗa kogi, ruwan na zobe-zobe.
Obinna ya ce, "Ina kadana?"
"Yana ciki, ya nutse."
Liman ya sa hannun riga ya rufe baki,
kafaɗunsa na rawa.

Na ce, "Barau, aiki ya yi,
sai dai itacen fenti ba ya tare rana."
Ya ce, "Dawo da la'asar."
Na dawo. Rana ta faɗa bayan bango,
inuwa ta kwanta daidai inda take kwanciya da.
Wani ya jawo benci.
Autan Sidi ya zo da murhu, bai tambayi kowa ba.

Har yau Barau na bin mu dubu bakwai,
yana shafi na sha ɗaya, na ja masa layi biyu.
Talatu ta dasa reshe a gwangwanin fentin da ya bari,
ta kewaye da ƙaya saboda awakin Gambo.
Ganye huɗu gare shi.
Ba na sa ran zama ƙarƙashinsa,
amma ragowar ruwan alwalata
can nake kai shi in zuba.